Ku Tambayi Bakanike: Yaushe Allurar Take Hawa?

Tun da watan Maris ya kama, wasiƙun da ke shigowa wannan fili suka koma magana guda, wato mota tana zafi. A Kano yanzu da rana tsaka zafi yakan kai digiri 40 har ya wuce, a Sakkwato da Maiduguri kuwa abin sai wanda ya gani. Ga ƙurar hunturun da ya wuce tana nan maƙale a gaban lagireto, ba wanda ya tuna ya wanke. A garejinmu ma yawancin motocin da ake turowa kwanakin nan kukansu ke nan. Na zaɓo wasiƙu biyar, na ɗan taƙaita su saboda fili.

Daga wani malamin makaranta, Kano

*Assalamu alaikum Oga. Ina da Honda Accord ƙirar 2004. Kusan wata biyu ke nan, duk yammar da na shiga gosulon Kurna sai allurar zafin inji ta fara hawa, musamman in na kunna esi. Amma ranar Asabar na je Zariya na dawo, ko gezau ba ta yi ba. An canja mini lagireto, an cire tamostat, an sake murfin lagireto, har yanzu jiya iya yau. Yanzu an ce sai an sauke tof silinda. In yarda?*

Wa alaikumus salam Malam. Kada ka yarda tukuna. Ka riga ka faɗi ciwon motarka da bakinka, ba a dai saurare ka ba ne.

Ogana, Allah ya jiƙansa, in aka kawo masa mota mai zafi ba ya taɓa sufana sai ya zaunar da mai motar a benci ya tambaye shi: yaushe take zafin? A tsaye ko a guje? Da lodi ko ba lodi? Daga tayarwa da safe, ko sai an yi nisa? Ruwa yana raguwa ko yana nan yadda aka bar shi? A wancan lokacin muna yara gani muke ɓata lokaci ne. Sai da na buɗe nawa garejin na gane cewa amsar tambayoyin nan ita ce take nuna wa hannu inda zai nufa.

Taka ta yi tafiyar Kano zuwa Zariya da dawowa, kilomita ɗari uku ko kusa da haka, cikin rana, ba ta ɗaga allura ba. Injin da gasket ɗinsa, wato shimfiɗar da ke liƙe tof silinda da jikin inji, ya ƙone da wuya ya yi maka wannan biyayyar. Lagireton da ya toshe ma a kan babbar hanya yake tona kansa. Abin da ya rage shi ne iska. Lagireto ba shi yake sanyaya ruwa ba, shimfiɗa shi kawai yake yi a cikin siraran bututu, iskar da ke ratsawa ita take kwashe zafin. In kana gudu a titin Zariya, gudun ne yake cusa iska ta gaban mota ko da fanka ko babu. In ka tsaya a Kurna tsakanin tirela da Adaidaita Sahu, babu iskar da za ta shigo sai wadda fanka ta jawo. Esi kuma yana ƙara nasa, domin kwandansa, wato na'urar da ke fitar da zafin esi, a gaban lagireto take zaune, iska sai ta ɗauki zafinta kafin ta isa wurin ruwa.

Ga abin da za ka yi gobe da safe, ba sai ka je ko'ina ba. Ɗaga bonet, tayar da mota, kunna esi, ka tsaya ka duba ba tare da ka kai hannu ba. Irin motarka fanka biyu gare ta, kuma da esi a kunne duka biyun ya kamata su tashi. In ɗaya tana barci, ka sami ɓarawonka. Daga nan aikin mai waya ne: ya duba fis, ya duba rili, ya zare soket ya ga ko ya narke ko ya yi tsatsa, sannan ya ba fankar wuta kai tsaye daga batir ya ga ko za ta juya. Sau da yawa in aka ɗan ƙwanƙwasa bayanta da ƙotar sukudireba sai ta zabura ta tashi. Wannan alama ce burushin cikinta ya cinye, yau za ta yi aiki, gobe a tsakiyar gosulo ta ƙi.

In duka biyun suna juyawa, kada ka ce shi ke nan. Saurari ƙararsu. Fanka mai lafiya tana huci, in ka tsaya a gefe za ka ji iska mai zafi tana bugun fuskarka. Wadda ta gaji tana juyawa ne kamar fankar silin da wuta ba ta da ƙarfi. Sannan ka ɗauki takarda ka kara a gaban motar. Ya kamata ta manne, domin ana zuƙo iska ne daga waje zuwa wajen inji. In tunkuɗo ta ake yi waje, to an juya wayoyin lokacin da aka canja maka lagireto, kuma na sha ganin haka. Duba kuma gidan fankar, wannan robar da ta zagaye ta. In ya fashe ko an yar da shi, fanka takan riƙa ɗibar iska daga gefe, ta bar lagireto da zafinsa.

Abu na ƙarshe shi ne tsakanin kwandansa da lagireto. A makon jiya muka raba su a wata mota, sai ga wani abu kamar bargo, kaurinsa ya kai ɗan yatsa: jar ƙura, auduga, gashin kaza, guntun leda, fuka-fukan fara, duk sun haɗu sun daskare. Yaro ya ɗaga shi da hannu biyu bai ko yage ba. Daga waje in ka leƙa ba za ka ga komai ba. Tunda kai lagiretonka sabo ne, kwandansar za a duba. A wanke ta daga baya zuwa gaba, da ruwan tiyo marar ƙarfi. Injin wankin mota mai feshi da ƙarfi kwantar da siraran fuka-fukan yake yi, ya toshe hanyar iskar gaba ɗaya.

Tamostat ɗin da aka cire maka kuma a mayar. Dalili yana zuwa a ƙasa.

Daga wani direban haya, Jos

*Ranka ya daɗe, Sharon nake ja tsakanin Jos da Abuja. A cikin gari lafiya lau, ko awa nawa zan yi a tasha tana kunne ba ta zafi. Amma in na taso daga Akwanga da lodi, ina fara Hawan Kibo sai allura ta wuce rabi, wani lokaci sai na tsaya na zuba ruwa. Fankata tana aiki, an ma haɗa ta kai tsaye.*

Ɗan'uwa, taka kishiyar ta malamin Kano ce. Iska ba ta yi maka ƙaranci ba. Matsalarka a ɓangaren ruwa take. A tsaye inji ɗan zafi kaɗan yake haifarwa, ko rabin lagireto ne ke aiki zai wadatar. A Hawan Kibo da fasinja cike da kaya a but, ƙafarka a kan totur, zafin da inji ke zubowa ya ninka, sai a nemi lagireto gaba ɗayansa a tarar rabi ya mutu.

Gwajin farko da tafin hannu ake yi. A ɗumama mota sosai, a kashe, a zare soket ɗin fanka, domin motocin Jamus fankarsu takan tashi da kanta ko an zare makulli, kuma ta raba mutane da yatsunsu. Sai ka bi fuskar lagireto da hannu a hankali. Mai lafiya zafinsa yana raguwa ne sannu a hankali daga inda ruwa ke shiga zuwa inda yake fita. In ka ji nan zafi, can sanyi kamar randa, bututun wurin sun toshe. Na taɓa tsayawa a kan mai lagireto yana zura siririn ƙarfe a cikin bututun wata bas, abin da ke fitowa fari ne mai ƙarfi kamar kanwa, gauraye da jan laka. Wannan gadon ruwan rijiya ne da na burtsatse da aka shekara ana ɗurawa. Tsohon lagireto na tagulla ana buɗe shi a soke a mayar a liƙe. Na yanzu mai tankin roba in an buɗe bakinsa ba kasafai yake komawa ya riƙe ba, in toshewar ta yi yawa gara a sake.

Na biyu famfon ruwa. A irin motarka akwai wani siririn tiyo da ke dawo da ruwa saman robar ajiyar ruwa. In inji ya ɗumama aka taka totur, ya kamata ka ga ruwa yana tsartuwa daga cikinsa ba yankewa. In ɗiga yake yi, ko dai tiyon ya toshe ko famfo ya gaji. Wasu famfunan fuka-fukansu na roba ne, sukan tsage su saki sandar, sandar tana gudu su suna jan ƙafa. Na ƙarfe kuma tsatsa takan cinye su har su koma kamar tsohon cokali. Daga waje famfon zai yi kyau, ba yoyo ba ƙara. Ka sa a duba tiyon ƙasa ma yayin da ake taka totur, in ya tsufa ya yi laushi yakan tsuke kansa ya hana ruwa wucewa daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Sai murfi, wanda kowa ya raina. Ruwa a bakin teku yana tafasa a digiri 100. A Jos, da yake tudu ne mai tsayin mita 1,200 ko fiye, yana tafasa a wajen 96. Inji kuma aikinsa na yau da kullum tsakanin 85 ne zuwa 100 da ɗan wani abu. Ka ga ke nan ba don murfi ba, da ruwan kullum a bakin tafasa yake. Murfin ne yake danne shi da matsi har ya iya kaiwa wajen 120 bai tafasa ba. Akwai lamba a kansa, na motocin Japan yawanci 0.9 ko 1.1, na Jamus ya fi haka. In robarsa ta tsage ko sifirin ya saki, a gari ba za ka sani ba, sai a kan tudu ruwa ya tafasa ya yi amai. Tunda ka ce kana tsayawa ƙara ruwa, da murfin zan fara, shi ne mafi araha a cikin duk abin da na lissafa.

Kuma ka daina jan tudu da babbar giya don tsimin mai. Sauko ƙasa, bari inji ya yi juyi, famfo ya kora ruwa. In yana gurnani a giya ta huɗu yana kakkarwa, zafi kake tara masa.

Daga wani mai koyon aiki, Kaduna

*Baba, shekarata biyu ina koyon kanikanci. Ogana duk motar da ta shigo, ko Beljiyam ce da aka sauke jiya, abin da yake fara yi shi ne cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye. Ya ce na ƙasar sanyi ne, mu nan ba ma bukatarsa. Na ji ka sha cewa a mayar. Wanne ne daidai?*

Ɗana, Allah ya yi wa koyonka albarka. Wannan tambayar ta fi sauran muhimmanci a wurina, domin kai ne za ka riƙe motocin mutane nan da shekara goma.

Da farko kada ka raina oganka. Abin da yake yi yana da asali. A zamanin da Pijo 504 da ake haɗawa a Kaduna ta cika titi, inji ba shi da kwamfuta, kafireto ne, ko da sanyi ko da zafi man da zai sha ke nan. In tamostat ya maƙale a rufe a tsakanin Potiskum da Damaturu, ba shago ba gari, cire shi ne zai kai ka gida, kuma wanda ya taɓa ganin inji ya ƙone saboda ɗan ƙarfen nan ba zai sake yarda da shi ba. Ni ma na cire da hannuna ba adadi kafin in fahimta. Dabarar hanya ce aka mayar da ita ƙa'idar gareji.

Tamostat ƙofa ce tsakanin inji da lagireto. Da sanyi a rufe take, ruwa yana zagayawa a cikin inji kawai don ya yi saurin ɗumama. In ya kai lambar da aka buga a jikinsa, 82 a yawancin Toyota, 87 a Golf da 'yan'uwanta, sai ta buɗe. Daga nan in zafi ya ƙaru ta ƙara buɗewa, in ya ragu ta ɗan rufe. To ka lura da wannan: a ranar da ake digiri 42 a Kaduna, mota tana cikin gosulo, tamostat mai lafiya a wangale yake gaba ɗaya, bai tare komai ba. In motar ta yi zafi a wannan halin, ba shi ne ya jawo ba, kuma cire shi ba zai warkar da ita ba. Abin da zai yi shi ne ya jinkirta hawan allura na ɗan lokaci, mai mota ya tafi yana murna, ainihin ciwon yana nan yana ci.

Ɓarnar cire shi kuwa a ɓoye take. Motocin yanzu kwamfutarsu tana karanta zafin ruwa. In ta ga inji da sanyi sai ta ƙara masa fetur, kamar yadda ake jan cok a tsofaffin motoci. Motar da ba tamostat, ga fanka tana gudu tun daga tayarwa, da safiyar hunturu za ta iya tafiya mai nisa ba ta kai zafin aikinta ba. Duk tsawon wannan lokacin tana shan mai fiye da ƙima, a wannan tsadar. Ragowar fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke baƙin mai daga bangon silinda, yana gangarawa cikin sam, wato kaskon baƙin mai, ya tsinka shi, ringi yana ci. Shekara biyu a ce inji yana hayaƙi, ba wanda zai tuna da ranar da aka jefar da tamostat a kwandon shara.

Akwai kuma wanda ya fi wannan. A injina da yawa tamostat yana da wani faifai na biyu a gindinsa. In ya buɗe hanyar lagireto, faifan nan yana rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma cikin inji. In ka cire shi, hanyoyi biyu suna buɗe, ruwa kuma mai sauƙi yake bi, sai wani kaso ya riƙa kewayawa a ciki bai taɓa ganin lagireto ba. Irin wannan injin cire tamostat ƙara masa zafi yake yi a kan babbar hanya. Direban Jos na sama, ka sa a duba ko naka yana nan.

Tamostat yana lalacewa, ban ce ba ya yi ba. Alamar wanda ya maƙale a rufe ba ta ɓuya: cikin minti goma zuwa sha biyar da tayarwa allura ta tafi sama, inji kamar wuta, amma lagireto da tiyon da ke bayan tamostat ɗin da sanyinsu. Kuma gwada shi ba ya bukatar na'ura. Mu gwangwanin madara babba muke ɗauka mu je wurin mai shayin bakin gareji, mu ɗaura tamostat da waya mu rataya shi a cikin ruwa, kada ya taɓa gindin gwangwanin, mu ɗora a wuta. Kafin ruwa ya tafasa, daidai lokacin da ƙananan kumfa suka fara tasowa, za ka ga bakinsa yana buɗewa a hankali har ya kai kusan faɗin fensir. In ka ciro shi iska ta buge shi, ya koma ya rufe ruf. Wanda ruwa ya tafasa yana nan a rufe ya mutu. Wanda ya buɗe rabi ya tsaya, shi ne mugun, shi ke wahalar da mutane a kan tudu. Sabo ma ka gwada shi haka kafin ka ɗaura, domin jabu sun yi yawa a kasuwa. Wajen ɗaurawa, in yana da ɗan ƙaramin rami mai ƙusa tana lilo, ramin ya kalli sama, ta nan iska ke fita.

Fanka kai tsaye ma haka. An yi ta ne ta huta ta tashi. In tana gudu daga Kaduna har Abuja ba tsayawa, burushinta zai ƙare da wuri, kuma ranar da za ta mutu ba sallama za ta yi ba. In suwic ɗinta ko rili ne ya lalace, shi za a canja.

Kada ka je ka yi musu da oganka a gaban kwastoma. Wata rana da ba aiki, ɗauko ɗaya daga cikin waɗanda aka cire, ka ce Oga zo ka ga wani abu, ku je wurin mai shayi tare.

Daga wata Hajiya, Katsina

*Malam, Camry gare ni. Kullum da safe sai direba ya ƙara mata ruwa kusan gora ɗaya, amma ba mu taɓa ganin ɗigo a ƙasa ba. Watan jiya ta taɓa yin zafi har ta mutu a hanyar Daura. Yanzu da safe takan yi kakkarwa kaɗan kafin ta daidaita. Wani ya ce a fasa ƙwai a zuba a lagireto.*

Hajiya, a bar ƙwai a kicin. Ƙwai, garin barkono, garin taba, duk na ga an zuba. Sukan toshe ƙaramin rami na kwana biyu, sannan su bi su toshe bututun da ba su da laifi.

Ruwa ba ya ɓata haka kawai, ko waje yake fita ko ciki. A fara da waje. A shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana. A bi bakin kowane tiyo, da gefen tankin lagireto, da ƙasan famfon ruwa, ana neman farin zane ko jan zane kamar sawun hawaye. Ƙaramin yoyo a kan inji mai zafi bushewa yake yi kafin ya kai ƙasa, sawun kawai yake bari. A taɓa kafet ɗin gaba wajen ƙafar fasinja ko da damshi. Garejin da ke da famfon gwaji zai ɗaura shi a bakin lagireto ya ba shi matsi da inji a kashe, in akwai rami zai nuna kansa.

Amma gaskiya, Hajiya, abubuwa biyu da kika faɗa sun sa hankalina ya tafi ciki: zafin da ta yi har ta mutu, da kakkarwar safe. Kan injin motarki na alminiyam ne, in ya sha wuta irin wannan yakan ɗan lanƙwashe, gasket ya saki. Da dare ruwa ya riƙa tsiyaya cikin silinda ɗaya, da safe fulogin ya jiƙe, shi ne kakkarwar, har sai ya ƙone ruwan ya fitar ta salansa.

Ga yadda za a tabbatar kafin a kwance ko ƙusa ɗaya. Da safe, inji da sanyi sarai, a buɗe murfin lagireto, a cika shi, a tayar. In kumfa tana ta tasowa ba ƙarewa, ko ruwa yana tsalle waje tun inji bai ɗumama ba, hayaƙin silinda ne yake shiga ruwa. A mayar da murfi a sake tayarwa, in tiyon sama ya yi tauri kamar taya cikin minti ɗaya ko biyu, magana ɗaya ce. A duba salansa, farin hayaƙin da ba ya ɗaukewa bayan mota ta yi zafi, mai ɗan ƙanshin zaƙi in akwai kulan, wato ruwan lagireto na musamman, a ciki. A buɗe murfin baƙin mai a duba ko ya koma kamar shayi da madara, ko da yake rashin ganin haka ba ya wanke gasket. A kwance fulogi huɗun a jera, in uku sun yi ruwan ƙasa ɗaya ya fita fes kamar sabo, tururi ne ya wanke shi. Wasu garejin suna da wani ruwa shuɗi da ake ɗorawa a bakin lagireto, in hayaƙi ya ratsa shi sai ya koma rawaya. 

In ta tabbata, a yi aikin da wuri, kafin ruwa ya taru a silinda ya lanƙwasa kwanrod, wato sandar fistan. Kuma ki ce ina roƙon abu uku. A kai kan injin wurin masu injin gyara su auna shimfiɗarsa, in ya lanƙwashe a share shi, kada a ɗora sabon gasket a kan karkataccen kai. A ɗaure kusoshin da sufana mai awo, bi da bi yadda kamfani ya tsara, ba da ƙarfin damtse da bututu ba. Na uku, a nemo abin da ya sa ta yi zafi a hanyar Daura tun farko. Gasket yawanci ba shi ke fara laifi ba, shi ne wanda aka kashe. In ba a gano fankar ko famfon ko murfin da ya jawo ba, sabon ma zai bi sawun tsohon.

Daga wani ɗalibi, Gusau

*Oga, Golf ce Babana ya bar mini. In allura ta hau ina kan hanya me zan yi? Kuma fiya wata ya isa, ko dole sai kulan?*

Fiya wata zai kai ka gida, ya fi ruwan rijiya, amma ba abin zama da shi ba ne. Kulan ba don ƙanƙarar Turai kaɗai aka yi shi ba. Yana ɗaga ma'aunin tafasa, kuma yana ɗauke da maganin da ke hana tsatsa cin inji da famfo. In ka sayi mai kauri, rabi da rabi ake haɗawa da ruwan batir, wato tataccen ruwa marar gishiri, ba asid ba. In an riga an haɗa, haka za ka zuba. Kada ka gauraya iri biyu. Bayan an zuba a tabbatar an fitar da iska, domin iskar da ta maƙale a ciki ita kaɗai tana sa mota zafi. Ragowar kulan ɗin kuma ka ɓoye ta nesa da yara da awaki, yana da zaƙi kuma guba ne, ƙoda yake kashewa. Kada a juye shi a gorar lemo.

In allura ta hau: kashe esi, in hita ɗinka yana aiki kunna shi har ƙarshe ka sauke gilashi, zai janye wani zafin. Nemi gefen hanya ka tsaya. In ka ga tururi ko allura ta shiga ja, kashe nan take, kada ka ce bari in ƙarasa garin gaba. Ɗaga bonet ka bar ta. Kada ka kwara wa inji ruwan sanyi, kan injin zai iya tsagewa. Wani abin da ya kamata ka sani: in allura ta hau sannan ta faɗo da kanta ba dalili, ba sauƙi ba ne, mai yiwuwa ruwa ne ya ƙare har na'urar awon ta rasa abin da za ta taɓa.

Murfin kuwa, ɗana, ina roƙonka da Allah. Golf a kan robar ajiya murfinta yake, kuma matsin da ke ciki ɗaya ne da na lagireto. A shekarata ta biyu da fara koyo, wata tasi ta shigo tana huci, direba yana sauri fasinja na jira. Na naɗe hannu da tsumma na murɗa. Ruwan da ya wuce digiri 100 yana jiran a sassauta masa ne kawai, nan take ya tafasa ya taso da tururi. Daga wuyan hannuna na dama har gwiwar hannu fata ta saɓule, na yi sati shida ban riƙe sufana ba, har yau wurin fari ne kuma gashi bai sake fitowa ba. Ka ba ta aƙalla rabin awa. Matsa tiyon sama da tsumma, in yana da tauri ba lokaci ba ne. In ya yi laushi kuma kana iya riƙe shi da hannu, ɗora tsumma mai kauri, kawar da fuskarka gefe, murɗa kaɗan ka tsaya har hucin ya ƙare, sannan ka buɗe. Ruwan kuma a hankali za ka zuba, da inji a kunne.